GONA, RUWA DA ISKA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu na ƙasashen Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Da izinin iyayenmu Sarakuna, watau Sarkin Katsinan Gusau, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Fulanin Bunguɗu, da Sarkin Kwatarkwashi, ina so in yi magana a kan wata gardama wadda na tabbata kowannenku ya sha jin ta a zaurensa.

Dattawa su kan ce tun da aka sare daji aka mai da shi gonaki, damina ta sake hali, iska ta ƙara ƙarfi, zafi kuma ya ƙaru. Samari kuwa su kan ce ina ruwan gatari da hadari, ruwa daga sama ya ke zuwa. To, kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya. Abin da ya wajaba ga shugaba shi ne ya san iyakar gaskiyar kowanne, domin kada ya ɗora wa talaka laifin abin da ba shi ya yi ba, kada kuma ya ƙyale shi ya ɓata abin da ke hannunsa.

ISKOKI BIYU MASU MULKIN SHEKARA

Da farko sai mu san abin da ya fi ƙarfinmu. Iskoki biyu ke rabon shekara a ƙasar nan. Ta ɗaya ita ce iskar hunturu, wadda ke tasowa daga Hamada ta arewa maso gabas, busasshiya, tana kaɗawa tun daga wajen watan Nuwamba har Fabrairu ko Maris. Yawancin hazon da ta ke kawo mana ba ƙurar gonakinmu ba ce. Mai yawa daga ciki yana fitowa ne daga wani kwari a arewacin Cadi da a ke kira Bodele, inda dā can akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar gari mai laushi.

Ta biyu ita ce iskar damina, wadda ke tasowa daga Tekun Atalantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Sai ta yi tafiyar fiye da kilomita 600 bisa tudu kafin ta iso Gusau. In ta iso da ƙarfi ta tura iskar Hamada arewa, sai mu sami ruwa tun daga wajen Mayu har ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, abin da ya kai milimita 800 zuwa 1,000 a shekara mai kyau. In ta zo da rauni, sai a yi fari.

Kakanninmu sun ga irin wannan tun ƙasa tana cike da itatuwa. An yi babbar yunwa a 1913 zuwa 1914, sa'ad da jirgin ƙasa bai ma iso Gusau ba. An yi wata a 1942 wadda mutanen arewa da mu suka laƙaba wa suna 'Yar Gusau, domin nan aka riƙa zuwa neman hatsi. Sa'an nan ga farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, waɗanda da yawa cikinku sun gani da idonsu.

GARDAMAR MASANA

Masana ma sun daɗe suna wannan gardama tamu. A 1934 wani Baturen Ingila masanin daji, Mista Stebbing, ya zaga arewacin Nijeriya, ya koma ya ba da labari a 1935 cewa Hamada tana cin ƙasa tana gangarowa kudu. Maganarsa ta ta da hankali, har gwamnatocin Ingila da Faransa suka haɗa 'yan bincike suka bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Ba su sami Hamada tana tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da suka tarar shi ne ɓarnar da sassabe da faɗaɗa gonaki ke yi wa daji, wuri wuri.

Bayan farin 1973, wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo wani bayani a 1975. Ya ce ƙasar da aka tsiraita ta fi mai ciyawa haske, saboda haka tana mai da hasken rana sama kamar yadda farar riga ke yi. Iskar da ke bisanta sai ta rasa ɗumin da zai ɗaga ta, ta riƙa saukowa ƙasa, ga shi kuwa girgije ba ya haɗuwa sai iska mai laima ta hau sama. Watau rashin tsiro ya rage ruwa, rashin ruwa kuma ya rage tsiro.

An yi shekaru a kan wannan magana, har a 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka gwada da na'ura mai lissafin yanayi. Suka nuna cewa canjin ɗumin ruwan tekuna shi kaɗai ya isa ya bayyana yawancin shekarun fari da na wadata a ƙasashen bakin Hamada. Abin da masana suka fi tsayawa a kai yanzu shi ne, teku ce ke fara al'amarin, halin ƙasa kuwa ya ƙara masa nauyi ko ya rage. Ashe samari sun yi gaskiya, gatarin mutumin Tsafe bai jawo farin 1984 ba. Amma dattawa ma sun yi gaskiya, gama fari ɗaya ne ya kan sauka a kan ƙauye biyu, mai itatuwa ya sha da ƙyar, marar itatuwa ya watse.

YADDA ƘASA KE TAƁA HADARI

Kowa ya san abin da ya sa ruwan randa ya fi na kwano sanyi. Randa tana tsatsafowa, laimar da ke bayanta tana bushewa, bushewar nan kuwa ita ke ɗauke zafi. Haka ƙasa ta ke. In rana ta faɗa a kan gona mai laima da ganye, yawancin ƙarfinta ya kan tafi wajen mai da ruwa tururi, iskar wurin ta yi sanyi da laima. In ta faɗa a kan faƙo, ba ruwan da za ta busar, sai ta gasa ƙasa, ƙasa ta gasa iska. Da tsakar ranar bazara zafin fuskar tsirarar ƙasa ya kan wuce digiri 50. Shi ya sa ku ke ganin guguwa ta fi tashi a fili mai faƙo, ba a cikin fadama ba.

To, inda wuri mai sanyi ya yi iyaka da wuri mai zafi, iskar mai zafi ta kan tashi sama, ta mai sanyi ta kwararo ta maye wurinta. Nan ƙaramar iska ta samu, wadda ƙasa ce ta haife ta. Wani masani na Ingila, Christopher Taylor, da abokansa sun duba hotunan tauraron ɗan'adam na hadura kusan 4,000 a ƙasashen bakin Hamada, suka ba da sakamako a 2011. Sun tarar hadari ya fi son ya fara haɗuwa a inda busasshiyar ƙasa ta yi maƙwabtaka da jiƙaƙƙiya cikin tazarar kilomita 10 zuwa 40, har suka ƙiyasta cewa wajen hadari ɗaya cikin 8 ta haka ya ke farawa.

Akwai kuma wata hanya. Iskar damina ba ta iso mana da ruwan teku kaɗai. A kan hanya ta kan zubar, itatuwa da ciyayin kudu su sha, su mayar da tururi sama, iska ta sake ɗauka ta yi gaba. Saboda haka wani kashi na ruwan da ke sauka a Bunguɗu ya riga ya bi ta cikin ganyen dazuzzukan da ke kudu da mu, irin su Kuyambana da na ƙasar Birnin Gwari. Mu kuma abin da itatuwanmu suka mayar sama, mutanen Ƙaura Namoda da Zurmi da Maraɗi suna da rabo a ciki.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani. Su Mista Taylor sun sake nunawa a 2017 cewa manyan hadura masu ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau 3 a ƙasashen bakin Hamada tun daga 1982, sun kuwa danganta wannan da ƙarin zafin Hamada da ɗumamar duniya. Ma'anar wannan gare mu ita ce, ko da jimlar ruwan shekara ta yi kyau, yana iya zuwa a dunƙule. Ruwa mai ƙarfi in ya sami tsirarar ƙasa ba ya shiga, sai ya kwashe taki ya yanka kwazazzabo ya wuce gulbi.

BAN RUWA DA YANAYI

Yanzu sai mu zo kan noman rani. Ku riƙe wannan lissafi, Malamai: milimita 1 na ruwa a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Lambu mai ganye sosai da rani yana iya mayar da wajen milimita 6 sama a yini guda, watau lita 60,000 a kowace hekta, ko mu ce jarka 2,400 mai cin lita 25. Wannan ruwa duk cikin iska ya ke shiga. Shi ya sa mai tafiya a bakin Gulbin Sakkwato da azahar, in ya shiga tsakanin lambunan albasa da tumatir, ya kan ji iska ta sake.

In ban ruwa ya yi faɗi ƙwarai, ya kan taɓa damina kanta. Misali mafi kusa da mu shi ne Jazira ta ƙasar Sudan, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, wadda aka fara shayarwa da madatsar Sennar a 1925, aka faɗaɗa ta wajen 1960 har ta kai hekta kusan 880,000. Masana sun duba littattafan ruwan sama na shekaru masu yawa, suka ba da labari a 2015 cewa bayan faɗaɗawar nan ruwan sama ya ragu a kan gonakin Jazira kansu, amma ya ƙaru a gabas da su, wajen Gadarif. Dalili kuwa, ƙasar da aka jiƙa ta yi sanyi, iskar bisanta ba ta tashi, sai ta karkata ta kai laimar wani wuri. Wannan darasi ne babba: mai ban ruwa yana iya sake wa maƙwabcinsa damina ba da saninsa ba.

Akwai kuma misali na tsoro. A tsakiyar Asiya akwai Tafkin Aral, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 68,000. Daga wajen 1960 gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta karkatar da koguna biyu masu shayar da shi zuwa gonakin auduga. Yawancin tafkin ya ƙafe, zafin wurin da sanyinsa suka tsananta, iska kuma ta riƙa kwasar gishiri da ƙura daga busasshen gindinsa tana watsa wa gonaki da mutane.

Kada a ɗauka namu ya kai haka. Madatsar Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda aka gama a 1978, an shirya ta shayar da hekta wajen 23,000, watau Jazira ta ninka ta kusan sau 40. Lambunan Gusau da Bunguɗu kuwa ba su kai Bakolori ba. Ban ruwanmu yana sanyaya iskar kwarinsa, amma bai isa ya jawo hadari ko ya kore shi daga lardi ba, kada kowa ya ruɗi talakawa da wannan. Abin da ya fi kusa da mu shi ne rabon ruwan. Bayan an datse gulbi a Bakolori, ambaliyar da ke jiƙa fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu, manoman shinkafa na can suka ji a jikinsu. Ba mu manta kuma da rikicin diyyar gonaki na watan Afrilu 1980 ba, wanda aka yi asarar rayuka a cikinsa. Gulbin nan ɗaya ne tun daga mafarinsa wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu kafin ya kai can. Yashin da ruwa ya kwasa daga gonakinku, a madatsar Gusau da ta Bakolori ya ke kwanciya, ya rage musu ciki.

ISKAR DA KE HANNUNMU

Babbar iska ta sama ba mai tare ta. Amma iskar da ke bin ƙasa, wadda ke taɓa shuka da dabba da jinka, wannan tana jin maganar itace. Hadarin farkon damina daga gabas ya ke zuwa mana, da iska mai ƙarfi a gabansa, a daidai lokacin da gero da dawa ba su wuce taƙi ba. In gona fili ce fetal, iskar ta kan kwashi rairayi ta yanke ganyen shuka ko ta binne ta, manomi ya koma neman iri. Jerin itatuwa yana karya ƙarfin iska a bayansa har tazarar da ta kai tsawonsa sau 10 ko fiye. Watau jerin darbejiya mai tsawon mita 10 yana kāre gona har mita 100.

An gwada wannan an gani. A Amurka, bayan an kafce manyan filayen ciyawa an shuka alkama, fari ya zo a shekarun 1930, iska ta riƙa ɗauke ƙasar gonaki har rana ta duhunta. Daga 1934 gwamnatinsu ta sa aka dasa jerin itatuwa, kafin 1942 an dasa wajen miliyan 220. A kusa da mu kuma, a kwarin Majiya na ƙasar Tawa cikin Nijar, an fara dasa darbejiya layi bibbiyu a 1975, da tazarar mita 100 tsakanin jeri da jeri. Da aka auna, geron da ke bayan jerin ya fi na fili da wajen kashi 20 cikin 100.

Mutanen Maraɗi kuwa sun bi hanyar da ta fi wannan arha. Daga wajen 1984 manoma suka daina tumɓuke kututture in suna sharar gona. Sai su zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi na kalgo ko sabara ko gawo, su sassabe sauran, su bar waɗannan su girma. Suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta haka ƙasa hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar, galibi jihohin Maraɗi da Damagaram. Hausawa ne 'yan'uwanmu, ruwan samansu kuwa bai kai namu ba. Gani ya kori ji.

ABIN DA A KE ROƘO GARE KU

Ranku ya daɗe, an sani tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 da Dokar Ƙasa ta 1978, ikon raba ƙasa bisa doka ya koma hannun Gwamna da ƙaramar hukuma. Amma har gobe talaka ba ya sayar da gona ko ya raba gado ko ya yi rikicin iyaka ba tare da mai unguwa da dagaci da hakimi sun sani ba. An kuma sani rashin zaman lafiya na fiye da shekara 10 ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa. Ba a roƙon kowa ya kai kansa inda zai halaka. Ga abin da a ke roƙo:

1. Itatuwan gona. A ja kunnen masu unguwanni kada a sare gawo, da ɗorawa, da kaɗanya, da tsamiya, da kuka, da kanya. Gawo ya fi cancanta a kula da shi, gama yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ga taki a gindinsa. A lura ƙwarai da kewayen manyan garuruwa, inda 'yan gudun hijira suka taru, buƙatar itacen girki da gawayi ta ƙaru.

2. Gonakin da suka koma saura. Gonakin da tsoro ya sa aka bari sun yi tofo. In Allah ya kawo lafiya mutane suka koma, a gaya musu tun kafin su ɗauki gatari su yi sassaben zamani, kada su share tas su sa wuta. Wannan dama ce wadda wahala ta kawo, in ta wuce sai an yi shekaru kafin a sake samun irinta.

3. Rufin ƙasa. A hana ƙunar daji. Manomi ya bar wani abu na kara a kwance cikin gona bayan kaka, ya yi huɗa a gicciye da gangare, ya bar gamba ko jema a kan iyaka. Mai dasa jerin itatuwa ya ja layinsa daga kudu zuwa arewa, domin ya tari iskar gabas.

4. Bakin gulbi da fadama. Kada a yi noma har gaɓa, a bar itatuwa da ciyawar da ke riƙe ta. Masu injin ban ruwa su shayar da safe ko da yamma, su ba shuka gwargwadon buƙatarta. Ruwan da ya kwanta ya yi yawa yana jawo sauro, a wata ƙasar kuma ya fito da kanwa ya kashe lambu. Na sama su tuna da na ƙasa.

5. Burtali da makiyaya da mashaya. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. Inda aka cinye burtali, dabbobi su kan taru a ɗan wurin da ya rage su tattake shi ya zama faƙo, sa'an nan husuma ta biyo baya. Ku ne kuka san tsofaffin iyakoki, ku faɗe su tun shaidu suna da rai.

6. Littafin ruwa. Wannan naku ne, Malamai. Akwai tashar auna yanayi a Gusau, amma hadari ya kan sauka a Kwatarkwashi ya tsallake Bunguɗu, tasha ɗaya ba ta ganin wannan. Kowane malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta ranar ruwan fari, da ranar shuka, da sau nawa aka sake shuka, da kwanakin da ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, da ranar ruwan ƙarshe, da ranar da iska ta yi ɓarna da kusurwar da ta fito, da watan da rijiyar gari ta ƙafe. Inda akwai ma'aunin ruwa a makaranta ko ofishin gona, a rubuta milimita. Ba don wasu malamai a Sudan sun yi haƙurin rubuta ruwan kowace rana shekara da shekaru ba, da ba a san abin da Jazira ta yi wa maƙwabtanta ba.

Jihar Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Amma dashen gwamnati ba ya rayuwa sai gari ya ɗauke shi nasa, ya kāre shi daga akuya da wuta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ruwa na Allah ne, shi ke saukar da shi inda ya so. Ƙasar da ruwan zai sauka a kanta kuwa amana ce a hannunmu, ku ne kuma shugabannin masu riƙon amanar. In dattijo da saurayi suka sake kawo gardamar nan zaurenku, ku gaya wa saurayi ya bar gawon da ke gonar ubansa, ku gaya wa dattijo ya nuna masa inda burtali ya bi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya ja zamanin Sarakunanmu. Haza wassalam.